Yadda ake koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara, da abin da kyamarar talabijin ke ɓoyewa

A shirye-shiryen yawon buɗe ido na talabijin, sashen zamiya ba ya wuce 'yan mintoci. Mai gabatarwa ya isa wani ƙauye a tsaunukan Alps, aka ɗaura masa dogayen allunan zamiya a ƙafa, ya sha ƙasa sau ɗaya aka yi dariya, kiɗa ya tashi, sai ga shi can yana lanƙwasa hagu da dama a kan dusar da babu sawun kowa, sama garau. Tsakanin faɗuwar nan da lanƙwasar nan akwai ranakun darasi da masu tace hoto suka datse suka zubar. Duk wanda ya ce tun ranar farko zai kwaikwayi hoton ƙarshe, gwiwarsa ce za ta biya kuɗin. Ga abin da ke cikin ranakun da aka datse.

Inda za a fara

Mai koyo gangare mai sauƙi yake buƙata da malami. Tsayin dutse da sunan gari ba sa ƙara masa komai. Wanda kasuwanci ke kai shi Dubai yana da Ski Dubai a cikin Mall of the Emirates, wanda aka buɗe a 2005. Rufaffen zaure ne da na'ura ke yi wa dusa, gangarensa mafi tsawo kimanin mita 400. A wajen Alƙahira akwai irinsa, Ski Egypt, tun 2017. Kada a raina irin waɗannan wurare: Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver ta Kanada a 2010, a rufaffen zaure ya koya a garin Milton Keynes na Ingila, kuma da girmansa. A fili kuwa akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas na Maroko, kudu da Marrakesh, sai dai dusarsa ba ta da alƙawari, wata shekarar ta sauka wata ta ƙi. Akwai Afriski a Lesotho daga Yuni zuwa Agusta, da Uludağ da Erciyes a Turkiyya. Tsaunukan Alps na Faransa, Ostiriya, Suwizalan da Italiya kakarsu daga Disamba zuwa Afrilu ce, kuma sai da bizar Shengen.

An yi wa hanyoyin zamiya alama da launi. A Faransa kore ne na sababbin shiga. A ƙa'idar Ostiriya da Suwizalan, shuɗi shi ne gangaren da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, wato a kowane mita 100 na tafiya gaba ana sauka mita 25, kusan digiri 14 ke nan. Ja yana kaiwa kashi 40, abin da ya haura nan baƙi ne. Launin ba ya canzawa da yanayi, dusar kuwa tana canzawa. Shuɗiyar hanyar da injin ya baje da dare ta kwana lumus, zuwa la'asar ɗaruruwan mutane sun kankare ta, wani wurin ya koma ƙanƙara zalla, wani wurin tarin tsibi-tsibi.

Makonni shida kafin tafiya a fara shirya cinyoyi: a jingina baya da bango, a durƙusa kamar an zauna a kujera, a daure daƙiƙa 45, sau uku, kwana uku a mako, a haɗa da hawan bene.

A shagon hayar kaya

Takalmi ne kan gaba. Na roba ne mai tauri, ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita. Safa ɗaya tak ake sakawa, doguwa zuwa ƙasan gwiwa, kuma ba ta auduga ba. Safa biyu sukan tattare su danne jijiyoyin jini, ƙafa ta fi yin sanyi. Kada a cusa ƙafar wando cikin takalmin, domin kowane ninki zai ci ƙwauri kafin azahar. Wanda ya yi alwala ya tsane ƙafa sosai kafin ya sa safa. Gwajin takalmi kuwa haka yake: ka miƙe tsaye, yatsunka su ɗan shafi gaba, ka lanƙwasa gwiwa ka tura ƙwauri gaba, yatsun su janye baya kaɗan, dunduniya kuma ta zauna daram ba ta ɗagawa. In tana ɗagawa ya yi maka yawa, komai daɗinsa, domin za ka juya ƙafa a ciki allo bai ji ba. Maɓallan ƙwauri a ɗaure tam, na saman tafin ƙafa kuwa daidai yadda yatsa ɗaya zai rufe su. Lambar taurin da ke jikin takalmin, tsakanin 60 da 80 ta ishi mai koyo.

Allo, idan aka tsayar da shi a gabanka, ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Dogo ya fi natsuwa a gudu amma yana da taurin kai a kwana. Faɗin ƙugunsa, wato tsakiyarsa, milimita 70 zuwa 80. Tun shekarun 1990 ake ƙera alluna masu faɗi a kai da wutsiya, sirara a tsakiya, da bakin ƙarfe a kowane gefe. Wannan siffa ce ke sa allo ya nemi shan kwana da kansa da zarar an kifa shi a gefe an danna.

Maɗaurin da ke riƙe takalmi a kan allo an yi shi ne ya sake ka idan ka faɗi. Ma'aikacin shago zai tambayi nauyinka, tsayinka, shekarunka da matsayin iyawarka, ya duba tsawon tafin takalmin, sannan ya saita lambar ƙarfin maɗaurin. A faɗa masa gaskiya. Wanda ya ƙara wa kansa iyawa don kunya za a ɗaure masa da ƙarfi, ranar faɗuwa allo ya ƙi fita, ya murɗe ƙafa har ƙashin ƙwauri ko jijiyar gwiwa ta bari. In kuma lambar ta yi ƙasa, allo ya fice ana tsakiyar kwana.

Sanda: a juya ta kai ƙasa, a riƙe ta a ƙarƙashin faifan da ke kusa da tsini, gwiwar hannu ta yi kusurwa madaidaiciya. Hannu daga ƙasa yake shiga igiyar, sannan ya sauko ya damƙe igiya da mariƙi tare. Malamai da yawa sukan karɓe sandunan a ranakun farko, kuma suna da hujja: mai koyo yakan cake su a gabansa don ya tsaya, mariƙin ya dawo ya doke shi a ciki ko haƙarƙari.

Hular kwano ba ta jiran sai an ƙware. 'Yar wasan kwaikwayon nan Natasha Richardson a gangaren masu koyo ta faɗi a Mont Tremblant ta Kanada a 2009, ba hula, ta tashi tana magana lafiya lau, bayan kwana biyu ta rasu saboda jini da ya taru a kanta. Duk wanda kansa ya bugu ya ga likita ko da yana jin garau. A duba inshora kuma, a tabbatar ta ƙunshi wasannin hunturu. Italiya ma tun 2022 ta wajabta wa masu zamiya inshorar da za ta biya wanda suka ji wa ciwo.

Sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa da kusan kashi 10 a kowane mita 1,000 na tsayi. Baƙar fata ba ta kare ido. Wanda ya yini babu tabarau zai kwana da ido ja yana zubar hawaye, ko buɗe shi ba ya iyawa. Gilashi mai duhu na ranar da aka yi rana ne, mai ruwan ɗorawa ko ruwan hoda na ranar gajimare. A shafa man kare fata a fuska da leɓe. Tufafi hawa uku: na jikin fata mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai hana ruwa da iska, sai safar hannu mai hana ruwa. Mace ta sa ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hula ta cusa bakinsa cikin riga. Gyale ko rawani mai reto yana iya sarƙewa a na'urar hawa, kuma wannan haɗari ne na wuya.

Sa'ar farko, a wuri mai baje

A ajiye alluna a gicciye da gangare, kada su fuskanci ƙasa. A kankare dusar da ta manne a tafin takalmi, don ita ke hana maɗauri kamawa. Allon da ke ɓangaren ƙasa ake fara sakawa: yatsu su shiga gaba, a taka dunduniya da ƙarfi har a ji ƙas.

Kafin a sa biyu, a yi mintoci goma da ɗaya, ana tura jiki da ɗayar ƙafar, a canza. Daga nan a koyi juyawa a tsaye da ƙananan taku, wutsiyoyi a wuri guda kawuna na zagayawa. Sai hawan tudu a kaikaice: a tsaya gicciye, a karkata gwiwoyi wajen tudu har bakin ƙarfe ya ciji dusa, ƙafar sama ta taka, ta ƙasa ta biyo. Aikin yana da gajiya da gundura, amma a nan ƙafa ke fara sanin bambancin allo a kwance da allo a kan kaifinsa, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan bambancin yake.

Tsayuwa: ƙafafu daidai faɗin ƙugu, idon sawu da gwiwa da ƙugu duk a ɗan lanƙwashe, ƙwauri na jingine da harshen takalmi koyaushe, hannaye a gaba inda ido ke hango su, ido kuma a kan inda za a je, mita goma ko fiye. Babban kuskuren mai koyo ɗaya ne, kuma tsoro ke kawo shi: da ƙasa ta fara gudu sai jiki ya ja baya. Motar da aka labta wa kaya a baya har gabanta ya ɗaga, sitiyari ba ya jin magana. Haka allo yake. Gabansa ne ke kama dusa ya fara kwana, in nauyi ya koma wutsiya sai gudu ya ƙaru, juyi ya gagara, cinyoyi su ɗau wuta. Alamar gane wannan a jiki: idan bayan ƙafa ne ke matse da takalmi maimakon ƙwauri, an koma baya. Maganinsa a miƙa hannaye gaba a lanƙwasa idon sawu. Sunkuyar da kai da turo ɗuwawu baya ba gyara ba ne, nauyin yana nan inda yake.

Garma, birkin farko

A sami ɗan gangare wanda ƙarshensa ya baje, yadda ko ba a yi komai ba za a tsaya. A sauko miƙe sau da yawa, alluna a jere. Bayan nan a fara tura dunduniyoyi waje, kawunan alluna su matso juna saura tazarar dunƙulen hannu, wutsiyoyi su buɗe. Wannan ita ce garma. Gefen ciki na kowane allo yana kankarar dusa, iya faɗin buɗewa iya ƙarfin birki. A yi ta buɗewa da rufewa a sauka guda: ƙarama a tafi, babba a rage, mafi girma a tsaya cik.

Abubuwa uku ke ɓata ta. Haɗe gwiwoyi yana sa kaifi ya cije da yawa, alluna su nufi juna su hau kan juna. A bar tazara tsakanin gwiwoyi, juyin daga cinya yake fitowa. Kallon kawunan alluna yana jawo abin da ake tsoro, su sarƙe. Na uku, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, mutum ya ga yana karkata gefe guda ba da niyya ba. A ƙara danna raunanniyar. A sani kuma garma birkin gangare mai sauƙi ce. A hanya mai tsananin gangara ba ta tsayar da kowa.

Faɗuwa ma ana koyonta. In ta zo, a faɗi a gefe, ta ɓangaren tudu, hannaye a gaba, ƙafafu a haɗe, a saki jiki har sai an daina zamewa. Mafi munin abu shi ne mutum ya zauna a kan wutsiyoyin alluna, ƙugu ya sauka ƙasa da gwiwa, yana zamewa yana kuma kokawar miƙewa. A haka ne wutsiyar allon ƙasa ke cijewa ta murɗa ƙafa, jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ta tsinke, jinyarta kuma watanni ce, sau da yawa har da tiyata. Kada a tokare ƙasa da hannu alhali sanda na cikinsa, babban yatsa ne ke gocewa. Wajen tashi, a jawo alluna su koma ƙasa da jiki, a jere, a gicciye da gangare, a kafa kaifinsu, a tura da hannun da ke wajen tudu. A wuri mai baje ya fi sauƙi a cire allo ɗaya.

Shan kwana

Kowane gangare yana da layin da ruwa zai bi in an zuba shi. Fuskantar layin nan gudu ne, gicciye shi tsayawa ne, zamiya kuma ba komai ba ce illa ratsa shi hagu da dama.

A cikin garma, kan allon dama hagu yake kallo, na hagu kuma dama. Saboda haka in ana son zuwa hagu, ƙafar dama ake dannawa. A fara da ƙaramar garma ana fuskantar ƙasa, a ƙara nauyi a hankali kan ƙafar dama, a ji shi a ƙarƙashin babban yatsa da ƙwauri, a kuma murza ƙafafun biyu wajen hagu. A jira. Allon zai zagayo da kansa, ba a fizgarsa. In ya gicciye, a ɗan miƙe, a raba nauyi daidai, a bar kawunan su sake gangarawa, sannan a danna hagu. Ƙafar da ke wajen da'ira ita ke ɗauke da mutum, daga ranar farko har zuwa gasar duniya.

Daƙiƙar da alluna ke fuskantar ƙasa sosai a tsakiyar kwana ita ce mai ban tsoro, don gudu na ƙaruwa. Masu koyo sukan yi ɗayan biyu: su ja baya su miƙe ƙasa a guje, ko su jefa kafaɗa don su gaggauta juyin. Jefa kafaɗa yana sa wutsiyoyi su zame, mutum ya wuce inda ya nufa, wani lokaci har ya juya yana kallon tudu yana tafiya da baya. Akwai kuma jingina wajen tudu don neman tsira, wanda ke ɗauke nauyi daga allon ƙasa, ƙafafu su sulale. Daidai shi ne gwiwa da ƙugu su karkata wajen tudu, kafaɗu kuwa su ɗan rinjaya wajen kwari, bisa allon ƙasa. Jiki ba ya son wannan, sai an tilasta masa. Atisaye biyu na taimakawa: a ɗora hannaye biyu a kan gwiwar waje a duk kwana, ko a riƙe sanduna a kwance a gaba a hana su karkata.

Gudu da siffar kwana ake rage shi. A cika kowace kwana ta zama rabin da'ira, har kawunan alluna su ɗan kalli tudu, gudu zai mutu da kansa. Wanda ke yanke kwana rabi-rabi, kowace ta fi ta baya sauri, a ta huɗu ko ta biyar abin ya fi ƙarfinsa.

Na'urorin hawa da dokar hanya

Shimfiɗa mai tafiya ita ce ta masu koyo: a shiga da alluna a jere, a tsaya kawai. Mai jan mutum da faifai tsakanin cinyoyi ba kujera ba ce, duk wanda ya zauna zai zube. A tsaya a miƙe ta ja. In an faɗi a sake ta, a matsa gefe da sauri. A kujerar da ke rataye a waya, a cire igiyar sanduna daga hannu, a riƙe su a hannu ɗaya, jakar baya ta dawo gaba, a waiwaya a ga kujerar, a zauna, a sauke ƙarfen kariya. Dab da sauka a ɗaga ƙarfen, a ɗaga kawunan alluna, a miƙe a wurin da aka yi alama, a zame gaba a bar wurin. Ba a yin garma a nan, za a taka allon maƙwabci. Ba laifi ba ne a ce wa ma'aikaci karo na farko ne, zai rage gudun na'urar.

Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana da dokoki goma da kotunan Turai ke dubawa idan an yi karo. Mafi muhimmanci: wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya, kai za ka kauce masa. Kafin ka tashi ko ka shiga wata hanya, dubi sama. Kada ka tsaya a ƙuntataccen wuri ko bayan tudun da na sama ba ya hango ka. In an yi haɗari, a kafa alluna biyu a gicciye da juna sama da wanda ya faɗi, a kira lambar masu ceto da ke jikin taswira ko 112, kada a cire masa hula.

Daga garma zuwa alluna a jere

Wannan hanya ta bi daga garma zuwa jere tsohuwa ce, Hannes Schneider ya tsara ta a makarantarsa ta St. Anton a Ostiriya a shekarun 1920. Ba a tsallake ta da ƙarfi. Idan nauyi ya zauna sosai kan allon waje, na ciki yakan yi sakayau, sai a ƙarshen kwana a jawo shi ya jeru da ɗan'uwansa. Da farko a ƙarshe, sannan a tsakiya, a hankali har garmar ta ɓace. In allon ciki ya ƙi jawuwa, akwai nauyi a kansa ke nan. A gwada ɗaga wutsiyarsa sau uku ana tsallaka gangare.

Zamewa a kaikaice ita ce atisayen da ya fi kowane amfani, kuma talabijin ba ta taɓa damuwa da ita. A tsaya gicciye a gangare, a saki gwiwoyi wajen kwari, alluna su kwanta su zame ƙasa a gefe. A mayar da gwiwoyi wajen tudu, su cije a tsaya. Da ita ake sauka duk wurin da ya fi ƙarfin mutum, daga gare ta kuma ake samun tsayawar gaggawa, inda ake murza alluna biyu su gicciye lokaci guda a kafa kaifi. Caka sanda na zuwa daga baya: ɗan taɓi ne da wuyan hannu, a ɓangaren kwari, alamar fara sabuwar kwana. A kan ƙanƙara zalla kuwa kada a yi motsin gaggawa, a tsaya bisa allon ƙasa a zame a wuce, a sha kwana inda dusa ta taru.

Yadda ake kallon shirin

Kyamara tana cin gangare. Hoton da aka ɗauka daga sama ko daga ƙasa yana baje tudu, na kan hula mai faɗin gani ya fi kowane yin haka. Hoton gefe ne kaɗai ke nuna gaskiya, shi ma in ba a karkata kyamarar ba. A dubi itatuwa da turakun na'urar hawa, in sun jirkice an ƙara gishiri. Hanyar Streif ta Kitzbühel a Ostiriya tana da wurin da ya kai kashi 85 cikin 100, kusan digiri 40, 'yan tsere na gama kilomita uku da ɗoriya cikin ƙasa da minti biyu, amma a allon talabijin sai ka ce kowa ma zai iya. Ana ma shayar da hanyoyin tsere ruwa su daskare. Kwanciyar da ɗan tsere ke yi har ƙugu na shafar ƙasa gudu ne ke riƙe shi. Mai tafiya a hankali ya gwada, a take zai kife ciki.

Hanyar da babu kowa da sassafe ake samunta, wani lokaci kafin a buɗe wa jama'a. Shuɗin sama jiransa ake yi. Ranar hazo, wadda sama da ƙasa ke zama fari ɗaya har mutum ya kasa gane tudu da rami, ba ta shiga shiri. In ta same ka, nemi hanyar da ke tsakanin itatuwa, ka bi turakun gefe. Mutumin da ake nunowa daga nesa cikin hula da tabarau ba lallai ne ya zama mai gabatarwa ba. Layin jira, da kuɗin tikitin hawa, da tafiya cikin takalmin roba da alluna a kafaɗa, duk an share su. Teburin abincin bayan zamiya ma yana son tambaya: narkakken cukun Suwizalan da giya ake dama shi, dankalin da ake gasawa da cuku a Savoie ta Faransa akwai naman alade a ciki.

Hoton da ya fi ruɗi shi ne na dusa mai zurfi tana tashi har ƙirji. Mai kallo zai ɗauka baya mutumin ya jingina, alhali a tsakiyar alluna yake, kuma allunan masu faɗi ne, milimita 100 ko fiye. Wurin kuma wajen hanyar da aka tsare ne, inda dusa ke zaftarewa, galibi a gangaren digiri 30 zuwa 45. Ma'aunin haɗarin a Turai hawa 5 ne, kuma a hawa na 3 aka fi mutuwa, saboda mutane na ganin tsakiya ce. Masu ɗaukar irin wannan hoto suna tafe da jagora, da na'urar gano wanda ya binne, da sandar bincike da shebur, domin bayan minti 15 a ƙarƙashin dusa damar rayuwa na faɗuwa da sauri. Duwatsu ma na ɓoye: direban tseren motoci Michael Schumacher a 'yar tazara tsakanin hanyoyi biyu ya bugi dutse a Méribel ta Faransa a Disamban 2013, da hularsa. Inshora da yawa ba ta biyan abin da ya faru a wajen turaku.

Abin ɗauka a shirin yana ƙasa da ƙugu. A tsayar da hoto a tsakiyar kwana, a dubi wane allo ne ya lanƙwashe yana feso dusa, a ga ƙwauri a gaba, a ga kafaɗu ba su bi alluna sun juya ba. Hotunan da aka rage wa gudu sun fi nuna lokacin da kaifi ke sauyawa daga gefe zuwa gefe.

Wayar hannu ma na yin wannan aiki. Abokin tafiya ya tsaya a bakin hanya, ƙasa da kai, inda ake hango shi, ya ɗauke ka kana nufo shi, kana wuce shi, kana yin gaba, kwana shida zuwa takwas. Kada mai koyo ya riƙe waya yana zamiya. Jirgi mara matuƙi kuwa wurare da yawa sun hana shi sai da izini. A Disamban 2015 wani jirgin irin wannan ɗauke da kyamarar talabijin ya faɗo dab da bayan ɗan tsere Marcel Hirscher yana tsakiyar tsere a Madonna di Campiglio ta Italiya. Sanyi na zuƙe batir, a ajiye wayar a aljihun ciki. A hoton a duba abu uku: ko ɗuwawu ya wuce dunduniya ta baya, ko hannu ya faɗi gefen ƙugu, ko kai ya karkata wajen tudu. A zaɓi ɗaya a kai wa malami washegari, a yi aikinsa a gangaren da ya fi wanda aka ɗauki hoton sauƙi.